Aminai Biyu da Garin da Babu Shi a Taswira

Labarin kusan ɗaya ne, ko da an sauya sunaye. Wani ƙaramin gari ne a Amurka, a ce a jihar Vermont ko Montana, mai titi guda da shaguna suka jeru a kansa: gidan abinci, shagon kayan gini, garejin gyaran mota, sai coci can ƙarshen layi. Yara maza biyu sun taso a nan, makarantarsu ɗaya, ƙungiyar wasansu ɗaya, uwar wannan tana zuba wa wancan abinci ba tare da ta tambaye shi ko ya ci ba. Da suka gama sakandare sai ɗaya ya nufi birni, ɗayan ya zauna ya gaji sana'ar ubansa. Bayan shekara goma ko goma sha biyar na birnin ya dawo, ko dai an sallame shi daga aiki, ko aurensa ya mutu, ko tsohonsa ya kwanta ciwo. Ba shi da masauki, sai amininsa ya ce ga ɗaki nan a gidana babu kowa. Daga nan marubuci zai yi ta jan zare har shafi ɗari biyu ko uku, kafin su biyun su amsa cewa abin da ke tsakaninsu ya wuce abota. A babin ƙarshe gari ya taru ana ci ana sha, tsohuwar da ke sayar da kek tana cewa ita kam tun suna yara ta gano su.

Irin waɗannan littattafai ba su ƙirguwa a kasuwar Amazon ta intanet, kuma masu sayensu ba sa gajiya. Wani marubucin yakan ƙirƙiro gari guda ya yi ta fitar da littafi bayan littafi a kansa, yau labarin makanike, gobe na ɗan kwana-kwana, jibi na malamin makaranta, har sai an aurar da duk gwaurayen garin. Na san tambayar da ke bakin mai karatu: mu ina ruwanmu? Hukuncin addininmu a kan wannan lamari ba ɓoyayye ba ne, malamai sun yi bayani, ba ni da abin da zan ƙara. Dokar ƙasa ma ta fito fili tun Janairun 2014, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14. Sai dai littafin da mutane ke saye da guminsu, su hana idonsu barci a kansa, ya fi ba da labarin masu sayensa a kan na taurarin cikinsa. Abin da na fahimta kuwa shi ne, mai sayen irin wannan littafi kuɗin abu biyu yake biya, waɗanda suka yi wa al'ummarsa ƙaranci: mutumin da ya san ka tun kana yawo ba wando, da garin da ya san asirinka amma bai kore ka ba.

Kasuwar tana da dokarta. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta gindaya sharaɗi biyu kafin a kira littafi na soyayya: son ya zama shi ne ƙashin bayan labarin, kuma a rufe littafin cikin farin ciki. Waɗanda suka yi makarantar kwana a zamanin da littattafan Mills & Boon ke zagaye ɗakunan ɗalibai har bangonsu ya yage sun san wannan doka ko ba a gaya musu ba. Mai karatu ya san ƙarshen tun kafin ya buɗe shafin farko, don haka gwanintar marubuci tana wajen shingen da zai gitta a tsakanin masoyan. A da shingen dukiya ce, ko asali, ko rashin fahimta irin wadda magana biyu za ta warware. A labarin aminai kuwa shingen yana da nauyi na gaske, kuma nan ne nake yaba wa masu rubuta shi. Wanda ya furta wa baƙuwar fuska so aka ƙi shi, yammaci ɗaya ya yi asara. Wanda ya furta wa abokin shekara ashirin aka ƙi shi, ya rasa masoyi, ya kuma rasa wanda zai kai wa kukan rashin. An ce abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. To yaya ke nan idan abokin kukan shi ne mutuwar? Wannan tsoron shi ke riƙe da mai karatu har asuba.

Littafin da ya buɗe wa wannan nau'i ƙofa sosai shi ne Him, wanda Sarina Bowen da Elle Kennedy suka rubuta tare a 2015. Samari biyu ne, Jamie da Wes, 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara, waɗanda tun suna yara suke haɗuwa duk hutun bazara a sansanin horo a Lake Placid, wani ƙaramin gari a jihar New York da mutanensa ba su kai dubu uku ba, duk da ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta hunturu a 1932 da 1980. Wani abu ya faru tsakaninsu suna shekara 18, Wes ya yanke hulɗa tsawon shekara huɗu, sannan wasa ya sake haɗa su, suka koma sansanin nan a matsayin masu horar da yara. A 2016 littafin ya ci kyautar RITA, wadda ita ce mafi girma da waccan ƙungiya ke bayarwa a lokacin. A lura da sunayen marubutan: dukansu mata ne.

Wannan ba katari ba ne. Mafi yawan masu rubuta soyayyar maza biyu mata ne, mafi yawan masu karantawa ma haka, kuma abin ya daɗe. Tun shekarun 1970 matan da ke kallon shirin talabijin na Star Trek suke rubuta labaran da suka mai da Kyaftin Kirk da abokinsa Spock masoya, suna bugawa a 'yan mujallun hannu suna aika wa juna ta gidan waya. A Jafan, a waɗannan shekaru dai, masu zanen labari mata irin su Moto Hagio da Keiko Takemiya suna fitar da labaran soyayyar samari a mujallun 'yan mata. Da na'urar Kindle ta fito a 2007, marubuci ya daina jiran izinin kamfanin ɗab'i, mai karatu kuma ya daina jin kunyar bangon littafi a cikin jirgin ƙasa, sai kasuwar ta tumbatsa.

Me mace take nema a labarin da babu mace a tsakiyarsa? A 1984 wata malamar jami'a, Janice Radway, ta fitar da littafi kan wasu mata 42 masu karanta littattafan soyayya a wani gari na tsakiyar Amurka. Abin da ta tarar shi ne, matan nan da suka wuni suna hidimar miji da 'ya'ya, a littafi ne kaɗai suke samun namijin da zai yi musu hidima, ya lura da gajiyarsu, ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa. Idan aka mai da masoyan biyu maza, sai a kauce wa duk tambayoyin da ke ɓata wa mace daɗin labari: wa zai bar aikinsa, wa zai shiga kicin, wa zai ɗauki ciki, wa ya fi wani ƙarfi. Saura kawai mutum biyu masu matsayi ɗaya, kuma maza ne da suke magana. Mu ma mun san wannan hanya. Lokacin da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da sauran matan da aka laƙaba wa rubutunsu sunan adabin kasuwar Kano suka ɗauki alƙalami, da yawansu mijin da suke fatan a ce akwai shi suka zana, ko kuma suka tona asirin wanda ake da shi. Littafin soyayya a ko'ina takardar ƙorafin mata ce a kan maza, ko da an yi mata ado da furanni. Shi ya sa a can Amurka ma ake samun maza masu neman maza da ke cewa su dai ba su ga rayuwarsu a cikin waɗannan littattafai ba, mafarkin wasu ne aka sanya wa sunansu.

Amma babbar ƙirƙirar da ke cikin labarin garin ne da kansa, kuma sai an waiwaya baya za a ga girmanta.

E. M. Forster, marubucin Ingila, ya rubuta littafinsa Maurice tsakanin 1913 da 1914, ƙasa da shekara ashirin bayan an ɗaure marubuci Oscar Wilde a 1895 kan neman maza. Ya dage sai labarin ya ƙare da daɗi, kuma ya san ƙarshen daɗin ne zai hana a buga shi, sai ya kulle shi a akwati. Ingila ba ta sassauta dokarta ta hukunta luwaɗi ba sai 1967, Forster ya rasu a 1970, littafin ya fito a 1971. A cikinsa tsohon abokin Maurice na jami'ar Kambirij, Clive, ja da baya ya yi ya auri mace ya riƙe gadon gidansu. Wanda ya tsaya tare da Maurice wani mai gadin dajin gidan Clive ne, kuma farin cikin da Forster ya iya ba su shi ne su watsar da aiki da dangi da matsayi su ɓace daga idon jama'a. Wato a 1914, ko a mafarki marubuci bai iya hango garin da zai karɓe su ba.

A 1997 Annie Proulx ta buga gajeren labarinta Brokeback Mountain a mujallar The New Yorker. Makiyaya biyu ne, Ennis da Jack, suka haɗu wajen kiwon tumaki a kan dutse a jihar Wyoming a 1963. Kowa ya sauko ya yi aure ya haihu, suka shafe shekara ashirin suna haɗuwa jefi-jefi da sunan tafiya kamun kifi. Jack yana so su kama 'yar gona su zauna tare, Ennis ya ƙi, saboda yana yaro ubansa ya ja shi ya nuna masa gawar wani mutum da aka kashe don yana zaune da namiji. Ƙarshenta Jack ya mutu. Matarsa ta ce tayar mota ce ta fashe masa a fuska, Ennis kuwa zuciyarsa ta ba shi kashe shi aka yi. Shekara guda da fitowar labarin, a Oktoban 1998, wasu samari biyu suka lakaɗa wa wani ɗalibin jami'a ɗan shekara 21, Matthew Shepard, duka suka ɗaure shi a jikin shinge a wajen garin Laramie, a wannan jiha ta Wyoming, ya cika bayan 'yan kwanaki a asibiti. Wannan shi ne ƙaramin gari kamar yadda maza masu neman maza na wancan zamani suka san shi: wurin da ake gudu daga gare shi zuwa San Francisco ko New York, inda babu wanda ya san ubanka.

Abin da ya biyo bayan fim ɗin Brokeback Mountain na 2005, wanda ya sama wa Ang Lee kyautar Oscar ta bada umarni, shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Proulx ta koka a wata hira cewa mutane sun addabe ta da aiko mata da labarinta da suka sake rubutawa, sun gyara ƙarshen, sun sama wa Ennis farin ciki, har ta ce da ma ba ta rubuta shi ba. A ganinta ba su fahimci labarin ba, domin labari ne a kan wuri da halin mutanen wurin. A ganina kuwa sun fahimce shi sarai, jurewa ne ba su iya ba. Littafin soyayyar aminai na ƙaramin gari, idan aka bi salsalarsa, waɗannan wasiƙu ne da aka daina aika wa Proulx aka fara sayarwa. An bar duwatsun, an bar hulunan makiyaya da motocin akori-kura, an cire uban da ke nuna wa ɗansa gawa, an sa tsohuwa mai sayar da kek a gurbinsa.

Ba a ce Amurka ba ta sauya ba. Kotun ƙolinsu ta soke dokokin da ke hukunta luwaɗi a 2003, ta halatta auren jinsi a duk ƙasar a Yunin 2015. Kamfanin jin ra'ayi na Gallup ya nuna masu goyon bayan irin wannan aure kashi 27 cikin ɗari ne a 1996, suka kai kashi 71 a 2022. Amma a wannan shekara ta 2015 da Him ya fito, wata magatakardar ƙaramar hukuma a jihar Kentucky, Kim Davis, ta ƙi ba masu auren jinsi takardar aure saboda imaninta, alƙali ya tsare ta kwana biyar, kuma taron magoya baya ne ya tarbe ta da ta fito. Ƙaramin garin gaskiya yana da masu maraba, yana da masu zumɓura baki, yana da limamin coci, yana da ƙanwar uwa da ba za ta ƙara taka gidanka ba. Marubutan sun san haka. Dan Levy, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shirin talabijin na Kanada mai suna Schitt's Creek, wanda ya kwashe manyan kyaututtukan Emmy na ɓangaren barkwanci a 2020, ya faɗa da bakinsa cewa da gangan ya zana garin da babu mai ƙyamar maza biyun da ke soyayya a cikin shirin ko mutum ɗaya. Gara shi, bai ce hoton gaskiya ya ɗauka ba.

To me ya sa ake marmarin wannan gari haka? Saboda masu karatun ba a cikinsa suke ba. Ƙidayar 2020 ta nuna kashi 80 cikin ɗari na Amurkawa a birane da kewayensu suke zaune, kuma fiye da rabin gundumomin ƙasar yawan jama'arsu raguwa ya yi cikin shekara goma. Titin nan mai shagon kayan gini da gidan abinci, a wurare da yawa manyan kantuna irin su Walmart sun daɗe da cinye kasuwarsa, masana'antar garin ta rufe, matasa sun watse. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mai karatun da ke zaune a bene hawa na goma sha biyu, wadda ba ta san sunan maƙwabcinta ba, ita ce ke biyan kuɗi a kai ta garin da mai shago zai tambaye ta jikin mahaifiyarta. A littafin, gulmar gari ma abin so ce, don ana gulmarka ne idan an san da kai. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye ko tsohuwar unguwa ya san ɗaya fuskar wannan sani: idon da ke kai maka ɗauki ranar gobara shi ne dai ke ƙirga wanda ya shiga gidanka da dare. Littafin ya ɗauki ɗaukin ya bar ƙirgar.

Haka zancen aminin yake. A 2021 wata cibiyar bincike kan rayuwar Amurkawa ta fitar da alƙaluman da suka girgiza mutane: a 1990 kashi 3 cikin ɗari na maza ne suka ce ba su da aboki na kusa ko ɗaya, a 2021 sun kai kashi 15. Masu cewa suna da abokai na kusa shida ko fiye sun faɗo daga kashi 55 zuwa 27. A Mayun 2023 babban likitan gwamnatin ƙasar, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama annoba, yana kwatanta illarsa da shan taba kara 15 a rana. A irin wannan ƙasa, namijin da ya san ka tun kuna aji ɗaya, ya san ranar da ubanka ya mare ka a gaban mutane, ya san abin da ke sa ka yin shiru, ya zama abin almara. Ba abin mamaki ba ne a sa shi tauraron littafi.

Nan kuma ƙorafina yake, kuma ƙorafi ne na mai karatu, na bar wa malamai nasu fagen. Dokar kasuwa ta ce sai an ƙare da soyayya, don haka abotar shekara ashirin ba ta da ikon tsayawa da ƙafarta. Da zarar masoyan sun gane juna, sai littafin ya koma baya ya sake fassara komai. Daren da wancan ya kwana a asibiti gefen gadon wannan, ashe so ne. Bashin da ya biya masa bai gaya wa kowa ba, ashe so ne. Kishin da ya ji ranar da aka ɗaura wa abokinsa aure, so ne. Babu alheri ɗaya da aka bari a matsayin alherin aboki ga aboki. Abota ta zama zaure, wurin da baƙo ke jira kafin a ce ya shigo cikin gida. Marubutan za su ce, kuma da gaskiyarsu, su labarin mutum biyu suka rubuta, ba su ce duk abokai haka suke ba, kuma suna rubuta wa mutanen da adabi ya shekara ɗari yana kashe irinsu a shafin ƙarshe. Na ji. Amma littafi ɗaya daban, dubu daban. Idan duk labarin da ya nuna maza biyu sun shaƙu ya ƙare a wuri guda, yaron da ke tasowa zai koyi cewa shaƙuwa ma'ana ɗaya gare ta, sai ya ja baya daga abokinsa.

Ba hasashe nake yi ba. Niobe Way, malama a Jami'ar New York, ta shafe shekaru tana hira da yara maza, ta fitar da littafinta Deep Secrets a 2011. Ta tarar cewa a farkon balaga yaran suna maganar aminansu da kalmomin ƙauna ba kunya, suna cewa ba za su iya rayuwa ba tare da su ba. Kafin su gama sakandare sai bakin ya rufe, saboda tsoron kada a ce musu mata-maza ko masu neman maza. Tsohuwar ƙyama ce ta haifi wannan tsoro, ba littattafan soyayya ba. Amma mai ƙyamar da mai rubuta soyayyar, duk da ba sa ga maciji da juna, sun haɗu a kan zato guda, cewa namiji ba ya kusantar namiji haka kawai.

Alhali ko a Amurkan ba haka abin yake ba a da. Lokacin da Abraham Lincoln ya isa Springfield a 1837 yana sabon lauya ba ko sisi, wani mai shago, Joshua Speed, ya ce ya zo su raba ɗakinsa da ke saman shagon, suka yi kusan shekara huɗu suna kwana gado ɗaya, kuma abotarsu ta ɗore har mutuwa. A zamaninsu babu wanda ya ɗaga gira, gado tsada gare shi, hunturu kuma ba ya wasa. Sai a zamaninmu aka samu masu rubuta littafi don su tabbatar da cewa akwai wata a ƙasa. A Afrilun 2005 kuma, da Shugaba George W. Bush ya riƙe hannun Yarima Abdullah na Saudiyya suna tafiya a gonarsa ta Crawford a Texas, masu barkwancin talabijin ɗin Amurka sun samu abin yi na mako guda. A Riyad ko Kano ko Damagaram, wannan hoto ba labari ba ne.

Wannan ita ce mahaɗarmu da zancen. Mu har yanzu muna da abin da su suke saye a littafi. Muna da amini, wanda matsayinsa sananne ne kamar na ɗan'uwa: shi ne babban abokin ango, shi ke shiga tsakani idan aure ya yi tsami, shi ake damƙa wa amanar 'ya'ya idan tafiya ta kama, wani lokaci shi ke sanin bashin da ke kan mamaci kafin magada su sani. Dattawa biyu su fito daga masallaci hannu cikin hannu har ƙofar gida, ba wanda zai waiwaya. Matan ma suna da nasu ƙawancen, wanda wata dattijuwa, Baba ta Karo, ta bayyana wa Baturiya Mary Smith tsarinsa da kyaututtukansa a littafin da aka buga a 1954. Amma ina lura da samarinmu na birni, waɗanda suka tashi da waya a hannu. Hannun da kakanninsu ke riƙewa su sun fara sakinsa. Wani ya sa hotonsa da amininsa a Facebook ko TikTok, kafin la'asar an cika ƙasan hoton da habaici. Zargin ya iso mana tun kafin littattafan su iso, kuma mu muke yaɗa shi da bakinmu, muna ganin tsaron tarbiyya muke yi. A ƙasar da irin wannan zargi zai iya jawo wa mutum dukan taron jama'a ko zaman kurkuku, jifan wani da shi don a yi dariya ba ƙaramin zalunci ba ne, kuma addinin da muke cewa muna karewa ya yi tsanani ƙwarai a kan ƙazafi.

Wasu za su ce a hana littattafan shigowa. An gwada irin wannan da namu na gida: a 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan soyayya na Hausa da aka ƙwace a makarantu, daga baya marubutan suka koma WhatsApp da Wattpad, inda ashana ba ta kaiwa. Wanda ke karanta Turanci kuma yana da data, babu hukumar tace littattafai da za ta tsaya tsakaninsa da Amazon.

Ni abin da ya fi damuna giɓin da ke cikin namu rubutun ne. Tun daga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino har zuwa labaran da ake turawa a waya babi-babi, mun cika kasuwa da saurayi da budurwa, da kishiya da uwar miji, da auren dole da attajirin da ya zo da mota. Aminin tauraro kuwa ɗan aike ne: ya raka zance, ya kai saƙo, ya ba da shawara a shafi biyu ya ɓace. Alhali labarin yana nan zube a kowace unguwa. Ga 'yan kasuwa biyu a Kantin Kwari da suka fara da tebur ɗaya, ɗaya ya yi arziki ɗaya ya karye, suna neman yadda za su ci gaba da cin abinci a kwano guda ba tare da mai shi ya zama ubangida ba. Ga wanda amininsa ya rasu ya bar masa 'ya'ya biyar, matarsa tana ƙorafi, dangin mamacin suna zarginsa da cin gado. Ga almajirai biyu da suka yi bara tare a Zariya, ɗaya ya zama limami, ɗaya ya zama ɗan siyasa, zaɓe ya zo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai ɗauki shafi ɗari uku ba tare da an ɗaura wa kowa aure a ƙarshe ba.